Majigin gida daga ƙaramin allon mota: amsar da aka bayar a zaure

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Ƙanena da ya turo hoton ɗan allon nan na mota mai inci 7, irin wanda ake maƙalawa a bayan kujera, yana tambaya ko zai iya mayar da shi majigi ya riƙa haska ƙwallo a bango: na ga saƙonka tun la'asar, ina shago ne aiki ya sha mini kai, shi ya sa sai yanzu. Ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, gara in yi maka bayanin a zama ɗaya.

E, zai yiwu. Na haɗa guda biyu da hannuna, na biyun har yau yana ɗakina yana aiki. Amma tun kafin ka ɗauki sukudireba ka sa abu ɗaya a ranka: aikin nan gaba ɗayansa kokawa ce tsakanin haske da zafi. Akwati da waya da sauransu duk masu sauƙi ne. In ka ƙara haske zafi ya cinye maka allo, in ka rage haske hoto ya zama kamar inuwa. A nan kowa yake faɗuwa.

Bari ka ji dalili. Allon LCD ba shi da hasken kansa, taga ce kawai. A bayansa akwai 'yan ƙananan ƙwayayen fitila a jere, da wata roba mai kauri da fararen ledoji masu baza haske. In ka cire waɗannan duka, abin da zai rage a hannunka wani siririn gilashi ne mai duhu-duhu, kamar baƙin gilashin mota. Ɗaga shi sama ka kalli rana ta cikinsa, za ka ga yadda yake shanye haske. Akwai ledar tace haske manne gaba da baya, ta farko kaɗai tana zubar da rabin hasken. Sannan kowane ɗigo na hoton an raba shi uku, ja da kore da shuɗi, kowanne launinsa kawai yake bari ya wuce. Ga kuma siraran layukan lantarki da suka ratsa gilashin. In ka haɗa lissafi, abin da ke fita ta ɗaya gefen bai kai kashi 10 cikin 100 ba. To wannan ɗan abin da ya tsira kuma, shi za ka baza a bango. Daga inci 7 zuwa inci 70, tsawo ya ninka sau 10, faɗi ya ninka sau 10, ka ga fili ya ninka sau 100 ke nan. Hasken da ke kan tafin hannu an ce ya cika bango. Ka gane inda matsalar take?

Shi ya sa abin nan da kuke gani a bidiyo, a sa waya a kwalin takalmi da gilashin ƙara girma, yake ba yara haushi in sun gwada. Hoton yana fita, amma sai ka toshe ko'ina ka zauna idonka ya saba da duhu kafin ka gane fuskar mutum. Hasken waya an yi shi ne don ido, daga nan zuwa nan. Kuma wanda yake tunanin fasa tsohuwar waya, ya duba tukuna: in allonta AMOLED ne, ba zai yi ba sam, don shi kowane ɗigo da kansa yake kawo haske, ba taga ba ce. Naka na mota ya fi dacewa, tunda yana da bodinsa, wato faifan lantarkin da ke sarrafa shi, yana cin bolt 12, kuma yana da wajen sa wayar bidiyo.

To wajen buɗewa. Don Allah ka zauna a tebur, ka shimfiɗa tsumma mai laushi, kada ka yi a cinya. Akwai ƙarfe siriri da ya zagaye allon, da 'yan ƙugiyoyi a gefe, ka ɓalle su ɗaya bayan ɗaya da farce ko da katin roba. Abin da nake so ka yi wa hankali shi ne fileks, wannan faffaɗar wayar mai ruwan zuma da ta fito daga gindin gilashin ta lanƙwasa zuwa baya. Manne take da gilashin da wani irin gam na masana'anta, in ta ɗaye ko ta tsage ko kaɗan, shi ke nan, layuka za su fito a hoton, kuma gyaransa ya fi ƙarfin kayan aikin da ke hannunmu. Za ka buƙaci miƙar da ita don kada ta tare haske. Ka miƙar a hankali sau ɗaya, ka manne ta da salatif a jikin katako, kada ka sake motsa ta. Kafin ka fasa komai ma, kunna allon ka tabbatar yana aiki, bayan ka cire fitilar baya ka sake kunnawa ka haska tocila ta bayansa. In ka ga hoto yana motsi, ka tsallake siraɗin farko. Wani gargaɗi: in allon tsohon yayi ne ka ga siririn bututun fitila fari a maimakon ƙwayaye, bodin da ke kunna shi yana fitar da ɗaruruwan bolt, kuma bututun akwai sinadarin makuri a ciki. Cire wuta kafin ka taɓa, kada kuma ka fasa shi.

Fitila kuwa, ka nemi ƙwan LED mai faɗi irin na cikin fitilar tsaro, mai wat 50. Yawancinsu suna cin bolt 30 da ɗoriya, kusan amfiya ɗaya da rabi, saboda haka ba a jona su kai tsaye da batir, sai da direbansu, wato na'urar da ke daidaita musu wuta, ko ɗan bodin da ke ɗaga wuta daga 12 zuwa sama wanda ake iya daidaita masa amfiya. Akwai wani irin da ake jonawa kai tsaye da wutar NEPA ba direba, yana da arha, amma ni ban yarda da shi a aikin nan ba, don wuta 220 tana nan tsirara a fuskarsa, kai kuma hannunka kullum yana cikin akwatin kana gyara. Ƙwan nan dole ka ɗaure shi a kan alminiyam mai haƙora na tsohuwar kwamfuta, da fankarsa, ka shafa farin man nan da ake shafa wa firosesa a tsakani. In babu wannan, ko minti ɗaya ba zai yi ba zai mutu. Kuma kada ka kalle shi ido da ido in yana kunne.

Na farko da na haɗa zafi ne ya kashe shi, kuma laifina ne. Na sanyaya fitila na manta da allo. Watan Afrilu ne, ɗaki a rufe, muna kallo da yara, wajen minti 20 sai na ga tsakiyar hoton ya fara yin baƙi-baƙi kamar an ɗiga mai a takarda, yana faɗaɗa. Na kashe da sauri. Da ya huce baƙin ya tafi, na ce Alhamdu lillahi, na sake kunnawa washegari. A kwana na uku ledar gaban ta ƙone, ta bar tabo ruwan ƙasa kamar girman kwabo, bai ƙara gogewa ba. Ai duk hasken nan da na ce allo yana shanyewa ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa a jikin gilashin. Saboda haka ka sa farin gilashi na taga tsakanin fitila da allo, ka bar rata, ka sa fanka ta biyu tana jan iska ta ratsa fuskar allon ta fita waje. In ka ga baƙin nan ya fara, kashe nan take. Kuma ka sa ɗan soso ko yadi a ƙofar shigar iska, don da hunturu ƙura za ta kwanta a allon, kowane ƙwayar ƙura kuwa sai ka gan ta a bango kamar ƙuda.

Yanzu gilasai. Akwai wani faffaɗan gilashin roba mai zobe-zobe a jiki kamar faifan garmaho, sunansa Fresnel, sunan wani Bafaranshe ne, Augustin Fresnel, wanda ya ƙirƙiro shi don hasumiyoyin da ke haska wa jiragen ruwa hanya, aka fara ɗora shi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823. Guda biyu kake so. Na farko yana tsakanin fitila da allo, yana tattara hasken da ke watsewa ya miƙar da shi ya ratsa allon daidai ko'ina. Na biyu yana ɗaya gefen allon, yana tsuke hasken ya zuba shi cikin gilashin gaba, wato wanda ke jefa hoton a bango. In babu su, tsakiya kawai za ta yi haske, kusurwoyi duhu. Gefen zoben su kalli allo, gefen santsi su kalli waje, kuma ka bar ratar kamar santimita ɗaya ko biyu daga allon, in ba haka ba zoben zai fito a hoto. Inda za ka samu a sauƙaƙe shi ne tsohon majigin malamai, wanda ake ɗora farar leda a kai a rubuta da maka. Wasu makarantu da ofisoshi suna da su a sito sun mutu, wani lokaci kuma a kan ci karo da su wajen 'yan gwangwan. In ka samu guda ka yi sa'a biyu, don gilashin kansa na sama ya fi gilashin ƙara girma na kasuwa kyau nesa ba kusa ba. Shi na kasuwa tsakiya za ta fito tar, gefe ya yi hazo da launin bakan gizo.

Kowane gilashi yana da nisan da yake tara haske. Ka riƙe shi a rana ka matsa sama da ƙasa har haske ya taru a ɗigo ɗaya a kan siminti, ka auna da tef. Ka yi a kan siminti fa, don na Fresnel yana kunna takarda cikin daƙiƙu, kada ka ajiye shi inda yara za su ɗauka. Nisan da ka samu na Fresnel na farko, a nan za ka kafa fitila. Na gilashin gaba kuma, a ce ka samu santimita 20 kuma kana son hoto ya ninka sau 10: allo zai zauna santimita 22 daga gilashin, bango kuma mita 2 da santimita 20. Ka ga 20 da 22 kusa suke ƙwarai, motsin rabin santimita yana ɓata hoto. Shi ya sa nake sa gilashin a cikin guntun bututun ruwa na roba, in zura shi cikin wani da ya ɗan fi shi faɗi, in riƙa turawa ina ja har rubutu ya fito.

Hoton zai fito ƙafa a sama, wannan ba matsala, juya allon kawai. Sai kuma ka tarar rubutu ya koma hagu zuwa dama kamar a madubi. Duba cikin saitin allonka, da yawa daga na mota suna da wajen juya hoto saboda kyamarar ribas. In babu, juya gilashin allon fuskarsa ta kalli fitila. Akwatin kuma ka fara da kwali mai kauri kana gwaji a ƙasa, sai komai ya zauna sannan ka kai wa kafinta awo. Cikinsa baƙin fenti marar ƙyalli.

Maganar ƙwallo kuma, gaskiya zan faɗa maka. Allon mota mai inci 7 yawanci ɗigo 800 ne a 480. A inci 50 zuwa 60, cikin ɗaki mai duhu, a farin bango mai santsi, za ka ji daɗinsa. In ka wuce haka sai ka fara ganin raga-raga kamar wayar taga, lambar rigar ɗan wasa ma sai ka ƙura ido. Ƙananan nan masu inci 4.3, ɗigo 480 a 272, kada ma ka wahalar da kanka. Don haka in gidan kallo kake nufi, inda mutum 40 suka biya kuɗinsu, ga hasken waje yana shigowa wasan ƙarfe 4, a'a, ba zai ɗauka ba, kada ka zuba jarinka a nan. Amma na gida, bayan isha'i, ya isa. Wutarsa duka da fankoki wajen wat 60 ne ko sama kaɗan, batir mai amfiya 100 in ka sha rabinsa zai kai ka awa 8 zuwa 9.

Ni dai ina so ka yi shi. Ƙananan majigin nan masu arha da ake sayarwa a kasuwa, in ka buɗe cikinsu wallahi abin nan ne: ƙwan LED ɗaya, Fresnel biyu, ƙaramin allo ɗaya, madubi da fanka. Wanda ya haɗa nasa ya san cikinsu, gobe in an kawo maka ɗaya ya yi tabo a tsakiya ka san ledar ce ta ƙone, ka san fankar za ka fara dubawa. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yana ba mu labarin motar majigi ta gwamnati da ke zuwa garinsu a haska a ƙofar fada, gari duka ya fito da tabarmi. Ranar da na kunna na biyun ya zauna, ƙaramar 'yata ta je ta sa hannu a bango tana son ta kama hoton, shi na tuna.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka ɓalle komai, ɗauki hoton bayan allon inda lambobin suke, da hoton bodin da fileks ɗin, ka turo nan zaure in duba ko wayar za ta miƙu ba tare da ta tare haske ba. Wanda kuma yake da mataccen majigin malamai a ajiye a cikinku ya yi magana, a taimaka wa yaron nan da gilasan. Sai da safe, Allah ya tashe mu lafiya.