Benz ta 1886 ko Ford Model T: wacce zan saya wa ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya fara koyon kanikanci, ina so in yi masa kyautar 'yar ƙaramar motar ado, irin wadda ake ƙerawa da siffar motocin da. Na ga biyu a intanet, Benz mai taya uku da Ford Model T, kuɗina kuwa na ɗaya ne. Wacce ta fi? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka. Ki ɗauki Benz ɗin.

Komai nata a fili yake, ba bonet. Karl Benz ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙirarta a Jamus ranar 29 ga Janairu 1886. Injinta yana bayan kujera, mai silinda ɗaya ne, wato bututun da fistin ke kai-komo a cikinsa, da babban faifan ƙarfe a kwance wanda ake juyawa da hannu a tayar da inji. Bel ya karɓi juyin, sarƙa biyu su kai shi tayoyin baya. Yaro zai bi hanyar ƙarfin da yatsa, tun daga fistin har ƙasa.

Ki haɗa masa da labarin matar Benz, Bertha. A watan Agusta 1888 ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu a irin wannan mota daga Mannheim zuwa Pforzheim, kimanin kilomita 106, ba da sanin mijin ba. Babu gidan mai, a kantin magani na Wiesloch ta sayi mai. Bututun mai ya toshe, ta zira allurar hularta ta buɗe shi. Katakon birki ya cinye, ta sa baduku ya buga masa fata. Da ta dawo ta ce a ƙara giyar hawan tudu, don sai da suka yi turi.

Ba raina Model T nake yi ba. Daga 1908 zuwa 1927 an ƙera sama da miliyan 15, kuma kan injinta na cirewa ne, abin da ya sauƙaƙa wa kanikawa aiki. Sai dai babbar bajintarta tana masana'anta, a layin haɗa mota na 1913, kuma 'yar motar ado ba ta nuna wannan.

Kafin ki biya, ki nemi bidiyo ki ga faifan da tayoyin suna juyawa. Idan roba ce aka zuba a dunƙule, ki bar ta.