Me ya raba "gore" da "blood"?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A jikin kwalin wasannin bidiyo nakan ga an rubuta "Blood and Gore". Ƙamus ya ce mini gore jini ne. To in duk jini ne, me ya sa ake jera su biyu? Kuma na karanta labarin wani sa da ya yi "gore" ɗin mutum a Sifen. Kalma ɗaya ce?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙamus ɗin bai yi ƙarya ba, taƙaitawa ya yi. Blood shi ne jini kowane iri, har wanda ke gudana a jijiyarka yanzu. Gore kuwa sai jinin da aka zubar ta hanyar sara ko suka, ya daskare ya yi guda-guda, irin wanda za ka gani a ƙasan mayanka da hantsi, ya yi baƙi-baƙi, ƙudaje na binsa. Likita ba zai ce zai ɗebi gore ɗinka don gwaji ba.

A tsohon Turanci, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kalmar gor ba ta da alaƙa da jini ko kaɗan. Kashin dabba ce da ƙazanta. A tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, gor shi ne abincin da bai gama narkewa ba a cikin tumbin dabba, kuma har gobe Holandawa na cewa goor ga abu mai ƙazanta. Sai a ƙarni na 16 Turawan Ingila suka karkatar da ita zuwa jinin fagen fama, wanda ya cakuɗe da laka da kayan ciki. A ganina wannan tsohuwar ma'ana ba ta mutu ba: ƙyamar da ke cikin kalmar daga can ta taso. Shi ya sa masu wasannin ke jera su biyu, domin gore ya haɗa da guntule gaɓoɓi da farke ciki.

Batun wancan sa na Sifen kuwa, wata kalma ce daban da rubutu ya haɗa su. Gore mai nufin soka da ƙaho, masana na danganta ta da gar, wato mashi a tsohon Turanci. Daga wannan tushe aka samu sunan Edgar, da garlic, sunan tafarnuwa. Haka ma fili mai kusurwa uku kamar bakin mashi, ko ƙyallen da tela ke ƙarawa don ƙasan siket ya buɗe, su ma gore ake ce musu.

Akwai titi a Landan mai suna Kensington Gore, inda zauren Royal Albert Hall yake. Daga siffar filin ya samo sunansa, amma aka ari sunan don barkwanci aka laƙaba wa jinin ƙarya da 'yan wasan kwaikwayon Ingila ke shafawa a dandali.