Amsa: gyaran hannu na ɓacewa bayan an sake janaretin

Malam, ka ce duk sanda ka sake janaretin kod ɗin sai gyaran da ka yi da hannu ya ɓace. Ai shi injin da ke rubuta maka kod ɗin ba ruwansa, sabon fayil yake zubawa kan tsohon. Nima ya taɓa cinye min aikin kwana uku wallahi.

Kar ka ƙara taɓa fayil ɗin da ya fitar. Buɗe naka daban, class ɗinka (wato rukunin kod ɗinka) ya gaji nasa sai ka zuba gyaranka a can, in da yaren C# kake aiki ma partial class, wato class ɗaya da aka raba a fayil daban-daban, ya isheka. Kuma kafin ka sake kunna shi yi commit a Git tukuna (wato ka adana kod ɗin yadda yake a manhajar da ke riƙe tarihin canje-canje), in ya gama ka duba git diff, umarnin da ke nuna abin da ya canza, duk layin da ya haɗiye zaka ganshi da ja sai ka dawo da abinka.