Gurbi da Giɓi: Amsoshi Kan Wasan Harhaɗa Hoto

Tambaya: Malam, wanda ya koya mini zane ya rasu. Iyalinsa suka ba ni wani kwali da ya bari, cike da guntayen hoto dubu, irin waɗanda ake jerawa har hoto ya fito. Da dare nakan zauna a kansu, ina tuna yadda yake gyara mini riƙon fensir ba tare da ya ce uffan ba. Me ake kiran wannan wasa da Hausa? Na ji ana cewa wasan ƙwaƙwalwa.

Amsa: Allah ya jiƙan malaminki, ya sa ya huta, ke kuma ya ba ki haƙurin rashinsa. Ki kira shi wasan harhaɗa hoto. Harhaɗa na ce, ba haɗa ba, domin haɗa na abu biyu ne ko uku, amma idan aikin ya yawaita sai Bahaushe ya ninka gaɓar farko: kaɗa ta zama karkaɗa, fita ta zama firfita, haɗa ta zama harhaɗa. Mai guntu dubu a gabansa harhaɗawa yake yi.

Wancan da kika ji kuwa ya daɗe yana damuna. Asalin maganar ita ce wasa ƙwaƙwalwa, babu n a ciki. Wasa ce irin ta wasa wuƙa a kan dutse don ta yi kaifi, ba wasan da yara ke yi a dandali ba. A baki karin sautinsu ya bambanta sarai, rubutun boko ne ya mai da su tagwaye, masu gaggawa kuma suka liƙa wa ta farko n suka kashe mata ma'ana. Kacici-kacici wasa ƙwaƙwalwa ne, dara ma haka, harhaɗa hoto ma haka, saboda haka kalmar laima ce, ba sunan wasa guda ba. Tun asali ma don wasa basirar yara aka ƙirƙiro wasan harhaɗa hoto. Wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, shi ake jingina wa farkon sayar da shi a shekarun 1760. Yakan manna taswira a kan siririn katako, ya bi iyakokin ƙasashe da ɗan zarto ya yayyanka, yaro ya koyi inda kowace ƙasa take ta hanyar mayar da ita mazauninta. Na kwali mai araha ya game gidaje ne a shekarun 1930, lokacin matsin tattalin arziki a Amurka, da mutane ke neman abin ɗebe kewa marar tsada.

Tambaya: Guntu, gutsure, yanki: wanne ya dace da ƙwaya ɗaya?

Amsa: Gutsure na abin da aka ɓalla da hannu ko haƙori ne, ba a auna shi. Waɗannan kuwa da gangan aka yanka su, don haka yanki ya fi daidai, guntu ma ya wuce. Sakaina ta ƙwarya ce, tsingaro na tukunya, kada a jawo su nan.

Tambaya: Na kusa gamawa sai na tarar yanki ɗaya ya ɓace, a tsakiyar sararin samaniya. Yayana ya ce an bar gurbi, ni na ce giɓi. Wa ya yi daidai?

Amsa: Kowannenku ya kama gefe ɗaya na gaskiya, kuma wannan ce tambayar da na fi jin daɗi. Gurbi wuri ne da aka tanada domin wani abu, yana da siffar mai shi. Gurbin dara, gurbin shuka, gurbin da kaza ke kwanci: kowanne yana jiran abin da zai zauna a ciki. Giɓi kuwa rashi ne a cikin jeri, inda abu ya taɓa zama ya fita, kamar na haƙori. Muddin yankin yana cikin kwali ba a kai gare shi ba, gurbi ne ke gabanki. Ranar da kika zazzage kwalin, kika ɗaga tabarma, kika tabbata babu shi, gurbin ya koma giɓi.

Ki dubi wurin da kyau. Yankuna huɗun da ke kewaye da shi sun zana miki siffarsa tsaf: nan kunnensa zai shiga, can kunnen maƙwabcinsa zai shige shi. Kin san launinsa, kin san girmansa, za ki iya yanka kwali ki shafa masa shuɗi ki cusa, tunda ke mai zane ce. Amma idonki zai riƙa sauka a kansa duk lokacin da kika kalli hoton. Wannan shi ne gurbin ido ba ido ba ne. Mutane na yawan jefa karin maganar don raina wanda ya gaji wani, ni kuwa ba na jin raini a cikinta. Tana faɗin gaskiya ce kawai: mazauni dabam, mai mazauni dabam.

Shi ya sa nake takaicin abin da ake rubutawa a saƙonnin ta'aziyya. Sai ka ga an ce mamaci ya bar gurbi mai wuyar mayewa, wani ma ya ce giɓin da ba za a maye ba, an cuɗa kalmomin kamar duk ɗaya ne. Gurbi ake mayewa, giɓi ake cikewa. Kujerar malaminki a ajin zane gurbi ce, wani zai maye ta, kuma ya kamata ya maye, don yara na jira. Abin da kike ji da dare a kan waɗannan guntaye giɓi ne, babu takardar naɗi da ke cike shi. Da ni ne da sai in bar wurin yadda yake, kada in cusa masa komai.

Tambaya: Shin daidai ne in kira shi ubangidana?

Amsa: Da can babu kalmar da ta fi ta. Ɗan koyo a maƙera ko wurin ɗinki ubangida yake da shi, mace kuma uwar ɗaki, wato wanda ya riƙe ka, ya koya maka sana'a da ladabinta tare. 'Yan siyasa sun shafa wa kalmar datti, yau da an ce ubangida sai a tuna mai ɗaure wa ɓarna gindi. Ban yarda mu sallama musu ita ba. In kina gudun a yi miki mummunar fahimta, malamina ya isa, jagora ma kyakkyawa ce: ja da gora, mai riƙe wa makaho sanda yana gaba.

Tambaya: Akwai karin maganar da ta dace da yankin da ya yi kama da na wurin amma ya ƙi shiga?

Amsa: Kama da wane ba ta wane. In sai an danna da babban yatsa, ba nasa ba ne, a cire shi tun kafin kunnen ya lanƙwashe.

Tambaya: Kewar malamin nawa nake yi ko begensa?

Amsa: Kewa. Bege yana tafe da yabo da ɗokin saduwa, shi ya sa masu waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka fi kowa riƙe kalmar.

Tambaya: An rubuta 1000 a jikin kwali, na ƙirga na samu fiye da haka. Kuskure ne?

Amsa: Ba kuskure ba ne. Da yawa ana yanka su layi 27, kowane layi yanki 38, ka ga 1026 ke nan. Dubun da ke jikin kwali kimantawa ce.