Amsa: Mantuwar Baba bayan shanyewar ɓarin jiki

Malam, ka ce tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki bara yake manta sunan jikokinsa, kana tambaya ko tsufa ne kawai. Allah ya ba shi lafiya. Ni dai ban yarda tsufa ne kaɗai ba.

Likitan ƙwaƙwalwar nan na Kanada, Vladimir Hachinski, ya daɗe yana rubutu a kan wannan. Tun 1974 shi da abokan aikinsa suka bayyana yadda ƙananan jijiyoyin jini ke toshewa a ƙwaƙwalwa, ɗaya bayan ɗaya, har su cinye tunanin mutum. Sau da yawa irin wannan mantuwa ba ta zuwa a hankali: yau lafiya lau, gobe ya rikice, sai ya tsaya a haka wata da watanni. Na gani a kan kakata, buta na hannunta tana cigiyar buta.

A nan gida kuma, wani bincike kan shanyewar ɓarin jiki mai suna SIREN, wanda asibitin Malam Aminu Kano ya shiga, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar. Saboda haka kada ya bar maganin hawan jini wai don ya ji sauƙi. Ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, ku zuba duk magungunansa a leda, ku tafi da wanda yake kwana da shi, shi zai ba likita labari.