Kafin Alƙalami: Amsoshin Tambayoyinku Kan Sana'ar Rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina zaune a Mabera. Sau uku ina aika rubutu ga jaridu, ko ɗaya bai fito ba, kuma ba a gaya mini dalili ba. Ko Sakkwatancina ne ya jawo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki ɗora wa karin harshenki laifi, duba ƙa'idar rubutu, domin nan ne edita ya fi saurin ajiye takarda. Fara da haruffa masu ƙugiya. Baƙi daban ne da baki, ƙasa daban ce da kasa, wanda ya ɓata abu kuwa ba shi ne ya ba ta ba. Ki saka allon rubutun Hausa a wayarki, Gboard yana da shi. Sai haɗewa da rabawa: yana, suna da yake a haɗe ake rubuta su, amma za ta, za su da ba ya a rabe. "Akan yi ruwa a Agusta" kalma ɗaya ce, "a kan tabarma" kuwa biyu. Editan da ya ga kuskure biyar a sakin layi na farko ya san gyaran zai cinye masa yini, sai ya ɗauki na wani.

Sakkwatanci kuwa dukiya ce, kada ki yar da shi. Ki yi bayaninki da daidaitacciyar Hausa, ki bar "wanga", "mi" da "shina zuwa" a bakin mutanen da kike kawo maganarsu. Abin da ke ɓata rubutu shi ne a fara jimla da "yana" a ƙare da "shina".

Wata cutar kuma ita ce faɗin abin da kowa ya sani. "Ana tsananin zafi a Sakkwato, jama'a na shan wahala" ba labari ba ne. Rubuta mai ƙanƙarar da ya karkaɗe buhunsa tun kafin azahar, da ɗan acaɓan da ya yayyafa wa kujerar babur ruwa kafin fasinja ya hau. Idan kin gama, bar rubutun ya kwana, washegari ki karanta shi da murya. Duk inda numfashinki ya yanke, jimlar ta yi tsawo, ki raba ta. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da baki jajis, wato matan da ta horar su koyar, suka riƙa kai su ga matan ƙauyuka, abin da ya zauna daidai a harshe shi ke shiga kunne.

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Runjin Sambo. Na yi wa wani fassarar shafi 30 daga Turanci, ya sa na sake gyara sau huɗu, yau wata uku bai biya ni ba. Yaya zan yi a gaba?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Malamanmu na zaure tun da can sun san kafin alƙalami, kai ma ka riƙe shi: rabin kuɗi kafin ka fara, rabi kafin ka miƙa cikakken aiki. Ka yi farashi da yawan kalmomi, domin shafi yana ruɗi, wani na ɗauke da kalma 250 wani 500, gwargwadon girman harafi. A misali, in kun shirya a kan naira 10 kowace kalma, aiki mai kalma 8,000 ya kama naira 80,000, sai a fara turo 40,000. Kafin ka yanke farashi, fassara shafi ɗaya kana duba agogo, ka ga awa nawa ya ci, ka haɗa da kuɗin data da cajin kwamfuta.

A rubuta sharuɗɗa ko da a saƙon WhatsApp ne: yawan kalmomi, ranar miƙawa, kuɗi, da cewa gyara sau biyu ne, abin da ya wuce haka sabon ciniki ne. Jira ya amsa da "na yarda" a rubuce. Kunya ce ke cutar marubuta da yawa, musamman in mai aikin ɗan'uwa ne ko babba. Tela dai ba ya jin kunyar faɗin kuɗin ɗinki. Kuɗin da ke waje kuma, tura wa wanda ka yi wa fassarar lissafi a rubuce da ranar biya, in ya ƙi ka sa dattijon da yake jin nauyinsa a tsakani.

Tambaya: Ban taɓa buga komai ba. Ta ina zan samu aikin farko?

Amsa: Zaɓi fanni ɗaya da ke kusa da kai, kamar noman albasa ko cinikin fatu, ka rubuta samfuri uku masu kalma 600 kowanne, da maganar mutanen da ka je ka zauna da su. Sannan ka aika wa edita saƙo na layi biyar: abin da labarin ya ƙunsa, dalilin da ya sa ya dace yanzu, waɗanda za ka tambaya, tsawonsa da ranar da za ka kawo. In mako biyu ya wuce shiru, tuna masa sau ɗaya, sannan ka kai wani wuri.