Tambaya da Amsa: Wai Akwai Tumatir Mai Bitamin D?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah wai da gaske ne Turawa sun yi tumatir mai bitamin D? A guruf ɗinmu na WhatsApp ake ta cewa allura suke yi masa. Yarona ɗan shekara biyu ƙafarsa ta fara gwamewa, an ce min rashin bitamin D ne, in na samu tumatirin zai yi masa magani?
Maman Sadiƙ, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Sadiƙ, Allah ya ba yaro lafiya. Eh da gaske ne, amma ba allura ake yi masa ba. A 2022 masu bincike a cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila, ƙarƙashin Farfesa Cathie Martin, suka yi amfani da fasahar CRISPR, wato hanyar gyara ƙwayoyin halittar gado, suka kashe ƙwayar halitta guda ɗaya a jikin tumatir, sai wani sinadari da dama can tumatir yana da shi ɗan kaɗan ya taru sosai a ganye da 'ya'yan, in hasken rana ya buge shi sai ya koma bitamin D3, kamar dai yadda fatar jikinmu take yi. Sun ce bitamin D ɗin da ke cikin tumatir ɗaya na iya kai wanda ke cikin ƙwai biyu.

Aiki ne mai kyau gaskiya, musamman ga ƙasashen da rana ke musu wuya lokacin sanyi. Sai dai ba shi a kasuwanninmu, duk wanda ya tallata miki shi damfara ce.

Maganar yaro ta fi damuna. Binciken da likitoci suka yi a Jos ya nuna yawancin yaranmu masu gwame ko ƙafar baka ƙarancin kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, ne matsalarsu fiye da bitamin D, don ana yaye yaro sai koko da tuwo, babu nono babu madara. To kin ga ko tumatirin ya zo ba lallai ya taɓa ciwon ba. Ki kai shi asibiti yanzu tun ƙashin bai yi ƙwari ba a duba jini da hoton ƙafa, kar ki sayi magani a kemis da ka. Kafin nan ki riƙa ba shi kindirmo, ƙwai, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya a daka a miya, ki bar shi ya yi wasa a tsakar gida da hantsi. Ke ma in ba kya fita sosai ki riƙa zama a rana na ɗan lokaci, balle in kina da ciki ko shayarwa.